Soket ɗin fanka da na manta a bayan batir

Har yau in na ɗaga bonet ɗin motata, inda idona yake fara sauka shi ne kan wani ɗan soket da bai kai kwalin ashana girma ba. Shi ya zaunar min da mota kwana 9 a gareji, ya haɗa da kuɗin da na fara tarawa na ragon layya.

Corolla ce ƙirar 2006, mai giya otomatik. Lagiretonta irin na zamani ne, tsakiya alminiyam, sama da ƙasa roba. Robar sama ce ta tsage kusa da bakin zuba ruwa. Sau biyu ana liƙe min da gam, sau biyu yana ɓallewa, kuma dole ya ɓalle, tunda ruwan ciki a matse yake, ga zafi. Na koma kullum da jarka a but kamar mai ga-ruwa. Da Afrilu ya kama, rana ta fara haura digiri 40, na ce abin ya isa, kuma da hannuna zan canza.

Ranar Asabar da safe na kwance shi a ƙofar gida a Rijiyar Zaki. Ba wani abin azo a gani: sifana mai lamba 10, filaya, sai baho na tarar ruwa. Abu na farko da na zare shi ne soket ɗin fankar da ke sanyaya lagireto. Don kada ruwa ya jiƙa shi, sai na cusa shi bayan batir, ina ma yaba wa kaina da wannan dabara.

Na rungumi tsohon lagireton na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Ruwa. Wannan kam na yi daidai, kuma duk wanda zai saya ya tafi da tsohonsa a hannu. Na farkon da aka miƙo min na mota mai giyar hannu ne, a ido iri ɗaya, amma babu ƙananan bakuna biyun nan na ƙasa da man giyar otomatik yake bi ya huce. Da ba mu jera su a ƙasa ba, da sai na dawo gida zan gane. Na tsallake Beljiyam na ɗauki sabo, don robar da ta shekara da shekaru tana dahuwa a wata ƙasa ba ta fi tawa da ta tsage ƙwari ba. Na haɗa da sabon murfi mai lamba ɗaya da tsohon. Lambar nan, 0.9 ko 1.1, ita ke nuna matsin da murfin yake riƙewa, matsin kuma shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Kafin la'asar na ɗaura. Na mayar da fanka kan mazauninta, na ɗaure notina, na matse tiyo na sama da na ƙasa da na man giya. Na zuba ruwan lagireto na galan maimakon na burtsatse da ya cika min tsohon da tsatsa da farin gishiri. Tsohon ruwan kuwa na juye a jarka na rufe, don ragowar ruwan lagireto da ke cikinsa zaƙi gare shi kuma guba ne, ga awakin maƙwabta suna sintiri. Na tayar da inji murfi a buɗe, na jira har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat, wato abin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya buɗe, kumfa ta gama fita, na ƙara ruwa na rufe. A nan aka kira magariba. Na kashe mota na tafi masallaci.

Minti goma kacal. Da na ƙara minti goma ina tsaye, da injin ya kai zafin da fanka take tashi da kanta, da na ga ta ƙi motsi. Ko kuma in danna AC sau ɗaya, don a motar nan da ka kunna shi fanka take juyawa. To ni tun da aka cire tallafin mai a 2023 na yi sallama da AC, ko tunaninsa bai zo min ba.

Lahadi da safe na gwada ta a titin Gwarzo, na wuce sabuwar BUK na juyo. Allurar zafi ko gezau. Yo ina za ta motsa? Mota tana gudun 80, iska tana shiga ta gaba tana yi wa fanka aikinta. Na dawo ina ta cika baki, har na ce wa uwargida daga yau bakanike sai dai mu gaisa a masallaci.

Litinin da azahar na shiga titin IBB, daidai Kantin Kwari. Wanda ya san wurin ya san yadda ake tafiya taku-taku tsakanin 'yan adaidaita da masu baro. Ban ko kalli allura ba, ai na gyara. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ne ya fara zuwa min, ina duba gabana na ga allura ta kwanta a ja. Maimakon in kashe a take, sai kunyar masu hon ta kama ni, na ci gaba da lallaɓawa ina neman gefen da zan tsaya. Ban fi tafiyar minti uku ba tururi ya turnuƙe. Kan injin motar nan alminiyam ne, ba ya yafe irin wannan.

Aka janyo ta gareji. Bakaniken ya zuba ruwa, ya tayar, sai ga kumfa tana ɓulɓulowa daga bakin sabon lagiretona ba ƙaƙƙautawa, salansa tana fitar da farin hayaƙi. Ya ce, "Alhaji, gasket ya tafi. Wa ya yi maka aikin nan?" Gasket shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Kafin in haɗa amsa, yaronsa, wanda bai fi shekara 14 ba, ya zura hannu bayan batir ya zaro soket ɗin yana lilo da shi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi.

Aka sauke kan injin, aka kai aka kankare shi ya daidaita, aka sa sabon gasket, aka canza baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Abin da na biya ya ninka ladan aikin da na guda ban san sau nawa ba, na daina lissafi. Abin haushin, oga da kansa ya duba ɗaurin da na yi ya ce ko ɗigo babu.

Da zan karɓi mota sai ya kawo shawarar da kanikawanmu suka saba: a cire tamostat, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa da an murɗa makulli, a huta. Na ce a'a. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai mai yake sha, fankar kuma ta mutu da wuri. Tamostat bai yi min laifi ba, fanka ma haka. Na sa yaron ya maƙala soket ɗin a gabana har na ji ƙas, muka tsaya cikin rana mu uku muna kallon fanka sai da ta tashi ta tsaya sau biyu, sannan na shiga mota.