Inda aka kwana da fentin falo: zaɓen ruwan toka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon fenti. Ga inda na kai da aikin falon yayata a Agege, Legas: an gama sikiridin (shafen da ke daidaita fuskar bango), an bi da samfefa, firaima (shafin farko kafin fenti) ta bushe, saura launi. Ita dai ruwan toka take so, irin wanda ake yayi yanzu, kuma wannan zaɓen ya fi duk sauran aikin cin lokaci.

Kowane toka-toka akwai wani launi kwance a ƙarƙashinsa, ko shuɗi, ko kore, ko shunayya, ko ruwan ƙasa. Idan ka ɗauki katin samfurin launi ɗaya a shago ba za ka gane ba. Maigidana a sana'a ya nuna mini dabara: a shimfiɗa farar takarda, a jera katunan a kanta kafaɗa da kafaɗa. Nan take kowanne zai tona asirin ɗan uwansa, ka ga wannan ya karkata shuɗi, wancan ya yi kore-kore. Masu haɗi da hannu kuma su lura, baƙi cikin farin emalshan (fentin ruwa marar ƙyalli) yakan ba da toka mai sanyi, mai ɗaukar shuɗi, sai an ɗiga ɗan ruwan ƙasa kafin ya sassauto. Matsalar haɗin hannu ita ce bokiti na biyu da wuya ya fito daidai da na farko. Ko dai a haɗa duka lokaci guda a babban mazubi, ko a je inda ake haɗawa da na'ura, irin shagunan Dulux ko Berger, a rubuta lambar launin a ajiye saboda gyaran gaba.

Sai maganar haske, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai. Legas na kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 da ɗoriya ne kawai a arewa, don haka da tsakar rana a kan rufi rana take, ba ta leƙowa ta taga. Hantsi ne ke shigowa ta gabas, la'asar ta yamma. Ga kuma yadda gidajenmu suke a Agege da Idi-Araba da Mushin, gini na shafar gini. Hasken da ke shigo maka ɗaki ya riga ya bugi bangon maƙwabci, ya kwaso launinsa. Tagar yayata bango mai ruwan goro take kallo, saboda haka da yamma tokar da ke da ɗigon shunayya sai ta koma ja-ja. A watan Yuni da Yuli kuwa, lokacin da hadari ke wuni a sama, mai ɗigon shuɗi takan mayar da falo kamar wanda ba a gama filastarsa ba.

Kada a manta da ƙwan lantarki. A duba jikin kwalinsa: 6500K fari ne tas mai shuɗi-shuɗi, shi ne ya cika kasuwa, 3000K mai ruwan ƙwai ne, 4000K yana tsakani. Mutanen gida da dare suka fi zama a falo, to da wannan ƙwan za a yi hukunci. Wasu katunan suna ɗauke da lambar LRV, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da launi ke mayarwa. Ɗaki mai taga ɗaya, ni dai ba na sauka ƙasa da 60.

Gwajin a kan guntayen filawud na yi shi, shafi biyu, na bari suka bushe sosai, domin ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. Na riƙa yawo da su, yau gefen taga, gobe bayan kujera, sannan na jingina su daf da tayil. Tayil ɗin ruwan madara ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, kuma shi ya raba gardama. Na ce, “Yaya, wanda kika nuna a waya yana faɗa da tayil ɗinki.” Ta ce a hoto ai ya yi kyau. Na ce a yi haƙuri, gidan hoton ba tayil ɗinsu ɗaya da namu ba, kuma fenti ake sakewa, tayil yana nan. Mun tsaya a kan toka mai haske da ke jan ruwan ƙasa, silin kuma fari.

Abu ɗaya da babu launin da ke ɓoye shi a garin nan shi ne danshi. Gindin bangon da ke jikin banɗaki ya yi funfuna, na wanke da bilic, na bar shi ya sha iska kafin firaima. Sabuwar filasta kuma a ba ta kamar mako huɗu, in ba haka ba farin gishiri zai feso ta cikin fentin, kuma a kan toka ya fi fitowa fili.

Abin da ya rage yanzu shi ne satin (fenti mai ɗan ƙyalli) ko emalshan. Satin na goguwa da jiƙaƙƙen tsumma, gidan kuwa akwai yara, amma yana fallasa duk wani tudu da kwari na sikiridin. Zan haska bangon da tocila daga gefe in ga ko hannuna ya kai. Wanda ya taɓa shafa satin mai ruwan toka a ɗaki mai taga ɗaya, don Allah ya faɗa mana ko ƙyallin bai yi yawa da dare ba.