Aboki ne ke kai aboki gwajin ƙanjamau

A ganina, mutum ya fi jin maganar abokin da suke zama majalisa ɗaya fiye da sanarwar rediyo, musamman kan gwajin ƙanjamau, wanda tsoron tsangwama ke hana mutane zuwa yi. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bi ta hannun abokai domin kaiwa ga waɗanda suka fi fuskantar haɗarin kamuwa.

Wanda ya yi gwaji yakan karɓi katin gayyata, ko kayan gwajin da ake gogawa a dasashi, ya miƙa wa amininsa a asirce, ba tare da tilastawa ba. Cikin minti 20 sakamako yake fitowa, amma idan ya nuna alamar cutar, wajibi ne a tabbatar a asibiti kafin a fara shan magani.