Ruwan ya yi garau, amma bai kwana lafiya ba

Duk malamin kimiyya a sakandare ya san irin gwajin da muke horar da yara a kai kafin WAEC da NECO. Tun kafin ɗigon ƙarshe ya faɗa kowa ya san launin da ruwan zai koma, kowa ya san lambar da ake so ta fito, wadda tata ba ta fito ba sai ta leƙa ta maƙwabciyarta ta gyara. Na daɗe ina koyar da wannan ina kiransa kimiyya. Bara dai na ce wa 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, 'yan mata ne 'yan SS2, su kawo tambayar da ni kaina ban san amsarta ba.

Garinmu a fadamar Haɗejiya yake. Da damina ruwan da 'yan ga-ruwa ke kai wa wasu unguwanni kamar kunun kanwa yake zuwa, gidaje su jefa masa alif su jira ya kwanta. Wata daga cikin yaran ta ce kakarta ba ta sayen alif, 'ya'yan zogale take dakawa. Tambayar ke nan: zogale ko alif, wanne ya fi?

Abin ba sabo ba ne. Matan ƙauyukan Sudan da ke bakin kogin Nilu sun daɗe suna tace ruwa da 'ya'yan zogale, kuma wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ta yi rubutu mai yawa a kan haka tun wajajen 1980. Yadda abin ke aiki kuwa, a cikin ƙwayar akwai wani furotin mai cajin lantarki wanda ya saɓa da cajin ƙananan ɓurɓushin laka. Idan suka haɗu sai su manne, su dunƙule, su yi nauyi, su sauka ƙasa.

Ɓangaren da ya tafi daidai ba zan tsaya a kansa ba. An ɓare, an daka a turmi, an tankaɗe, an dama da ruwa mai tsabta, an tace da ƙyalle. Kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita. A motsa da sauri, a koma motsawa a hankali, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. Kwalabe kashi uku muka jera: na zogale, na alif, da waɗanda ba a saka wa komai ba. Na'urar auna dagulewar ruwa ba mu da ita, sai muka samo dogon bututu mai haske, muka zana baƙar alama a gindinsa, muka manna masa rula. Ana zuba ruwa a hankali har alamar ta ɓace wa mai leƙowa daga sama, a rubuta tsayin. Ruwan zogale ya cika bututun alamar na nan raɗau. Takardar auna tsami kuma ta nuna alif na sauko da pH, wato yana ƙara wa ruwan tsami, zogale kuwa bai taɓa shi ba. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya yana son pH tsakanin 6.5 da 8.5, dagulewa kuma, wadda ake aunawa da ma'aunin NTU, kada ta wuce 5. Yara suka yi ta shewa a lab.

To, daga ranar nan zuwa ranar da muka samu aka duba mana ƙwayoyin cuta, makonni ne a tsakani. A cikin makonnin nan abin da ke damuna har yau ya faru.

Jinkirin daga takarda ya zo. Wasiƙar da makaranta ta rubuta wa wani sashe a wata babbar makaranta da ke kusa da mu ta shiga ofis ba ta fito ba. Wanda ya buɗe mana ƙofa a ƙarshe ba farfesa ba ne, wani dattijon ma'aikacin lab ne da wata tsohuwar ɗalibata ta haɗa mu da shi. Duk malamin da ke son kai ɗalibansa lab na gaske, ya nemi irin waɗannan mutanen. Su ke riƙe da makulli, su suka san wace na'ura ce ke aiki da wadda ƙura ta rufe, kuma da yawansu ba a taɓa tambayarsu su koyar da kowa ba. Yaran suna ce masa Baba. Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba ya ɗaga ƙafa a kansu: kwalaben da shi ya dafa ya ba mu kaɗai za a ɗebo ruwa da su, a sa su a kula mai ƙanƙara, su iso cikin awa 6. Faranti kuma, wato ɗan mazubin lab da ake shuka ruwa a kai don ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su tsiro ɗigo-ɗigo, in an rufe ba mai buɗewa, ta saman murfi za a ƙirga.

Farantan ranar farko sun yi mana daɗi. Ruwan da ba a taɓa ba ya cika faranti da ɗigo-ɗigo, na zogale ya ragu ƙwarai, kusan kafaɗa da kafaɗa da na alif. Da a nan muka tsaya, da mun rubuta rahoto mai kyau mun ci tafi. Sai wata yarinya mai shiru-shiru, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ce:

"Baba, a gida fa ba a take ake shanyewa ba. A randa ake zubawa ya kwana."

Ya dube ta ya ce, "To 'yata, ki ajiye sauran, gobe ki kawo min."

Ruwan da ya kwana, a ido babu abin da ya same shi, garau yake kamar jiya. A faranti kuwa na zogale ya koma inda ya fito. Wani farantin ma ɗigon ya haɗe har ba ya ƙirguwa, ya wuce na ruwan da ba a saka wa komai ba. Na alif bai yi haka ba. Na ce ƙila hannu ne ya taɓa bakin kwalba. Aka sake daga farko, da sabon ruwa da sababbin kwalabe. Haka ya sake fitowa.

Bayanin ba shi da wuya in an riga an gani. Zogale ba kashe ƙwayoyin cuta duka yake yi ba, galibi jan su yake ƙasa tare da laka, kaɗan su rage a sama. Garin da muka zuba kuma ba furotin ɗin kaɗai ba ne. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙwayar, ko fiye, mai ne, ga sauran abubuwa masu narkewa a ruwa. Duk wannan abinci ne ga 'yan kaɗan ɗin da suka rage. E. coli, wata ƙwayar cuta da ake samu a kashi, in ta samu ɗumi da abinci tana iya ninka kanta cikin minti 20, ɗumi kuwa ba ma rasa shi a ɗakunanmu. Sinadarin kulorin yana zama a ruwa ya ci gaba da tsaro, zogale ba ya barin mai gadi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta yarda a samu E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha ba. Daga baya na ga masu bincike sun daɗe da lura da wannan sake yaɗuwar a ruwan da aka ajiye. Mu dai a faranti muka fara ganinta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, tun ranar shewar nan yaran sun kai labari gida. Ban ce su kai ba, ban kuma ce kada su kai ba. Wata uwa har saƙon godiya ta aiko min, ta ce sun huta da sayen alif. Da na bincika sai na ji wani gida sun daina tafasa wa jariri ruwa, wai tunda a makaranta an gwada an ce ya yi. Alhamdu lillahi ba wanda ya kwanta ciwo, amma daren da na ji wannan ban yi barcin kirki ba. Washegari muka ajiye komai muka rubuta 'yar takarda da Hausa, kowace yarinya ta kai gidansu da gidajen da ta san labarin ya isa: zogale na kwantar da laka ne kawai, a tsiyaye ruwan sama a bar gindin, a tafasa ko a sa kulorin, kuma kada a bar shi ya kwana haka nan. Komawa ka ce wa uwar ɗalibarka abin da aka faɗa mata jiya da sauran magana, ba daɗi. Yanzu dokar ƙungiya ce, ba a fitar da sakamako daga lab sai an gama aikin duka, ko da kuwa ya yi kyau. Musamman ma in ya yi kyau.

Da aka zo rubuta allon baje koli, shugabar ƙungiyar ta same ni ita da mutum biyu.

"Malam, mu cire shafin ruwan da ya kwana mana. Zai ɓata mana aikin."

Ba laifinsu ba ne, mu muka koya musu cewa lambar da ba a so kuskure ce. Na ce wannan shafin shi kaɗai ne abin da kakar ƙawarsu ba ta riga ta sani ba. Sun yi ta ƙunƙuni, amma ƙunƙunin ne ya haifar da kashi na biyu na aikin, wanda su suka nemo shi ba ni ba: shanya ruwa a rana cikin robar ruwa mai haske, irin ta ruwan gora da ake kira PET, awa 6 in rana ta buɗe, kwana biyu in akwai hadari. Aftim Acra ne ya fara nuna haka a Jami'ar Amurka ta Beirut a shekarun 1980, cibiyar Eawag ta Suwizalan ta faɗaɗa shi da sunan SODIS. Raunin hanyar shi ne ba ta aiki sosai in dagulewar ruwa ta wuce NTU 30, domin hasken ba ya ratsawa. Zogale ya share, rana ta kashe. Farantan wannan haɗin su suka fi kowanne tsabta, kuma sun fi jure kwana.

A gasar shiyya ba mu zo ko na uku ba. Wani gidan kwali mai ƙananan fitilu da fanka mai juyawa shi ya ɗauki kofi. Alƙalan sun tsaya a teburinmu, sun ɗaga kwalbar ruwan zogale sun duba ta a haske, sun ce ma sha Allah, sun wuce. Ba wanda ya buɗe littafin da yaran suka cika da kwanan wata da awo, har da ranakun da aka ɗauke wuta akwatin ɗumama faranti ya huce aka zubar da komai. Har yanzu in na tuna raina na ɓaci, ba don kofin ba, don sun yaba wa daidai abin da ya ruɗe mu.

Littafin nan kada wanda ya raina shi. Gasannin da ke auna bincike da gaske a kansa suke dogara. ISEF, gasar kimiyya ta ɗaliban sakandare da ake yi a Amurka, wadda ta samo asali tun 1950, tana son a samu amincewar kwamiti kafin a fara duk wani aiki da ƙwayoyin cuta, kuma ta hana shuka su a gida sam, wato abin da Baba ya tilasta mana ba tare da ya karanta dokarsu ba. Gasar ruwa ta matasa ta Stockholm, da ake yi tun 1997 ga 'yan shekara 15 zuwa 20, irin wannan aikin na rijiya da kududdufi take nema. Wanda ya fara aiki bai rubuta komai ba, ya zo daga baya yana neman cike fom, ya makara.

'Yan SS2 na bana sun gaji tambayar. Tunda man da ke cikin ƙwayar na daga abin da muke zargi, suna so su matse shi tukuna su yi aiki da tunkuzar, domin furotin ɗin a cikinta yake zama. Sinadarin da ake cire mai da shi a manyan lab ba mu da shi, ba kuma zan bar yara kusa da shi ba. Mun yi magana da wata mai ƙuli-ƙuli a bayan makaranta, ta ce ba ta taɓa matse zogale ba amma a kawo mudu ɗaya ta gani. Wannan karon za a shuka ruwan a ranar farko, da ta biyu, da ta uku.