Daga Huddersfield zuwa Castleford: kwana biyu a ƙasar rugbin mutum 13

A watan Afrilun 2024 na shiga jirgin ƙasa daga Manchester da hantsi, muka ratsa ƙarƙashin tsaunukan Pennine ta dogon ramin Standedge, cikin kimanin rabin awa na sauka a Huddersfield. Abin da ya kawo ni gini ɗaya ne, wato otal ɗin George, wanda ke daf da ƙofar tasha. Na tarar da shi a rufe, kamar yadda yake tun 2013, na tsaya a dandalin da ke gabansa cikin yayyafi ina duban tagoginsa.

A cikin wannan gini ne wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila suka zauna ranar 29 ga Agusta, 1895, suka raba gari da hukumar rugbi, wato wasan zari-ruga, ta Landan. Rigimar kuwa ta kuɗi ce. 'Yan wasan arewa ma'aikatan masaƙu ne da mahaƙan kwal, idan mutum ya bar aiki ranar Asabar domin wasa sai a yanke masa lada, ƙungiyoyinsu suka nemi izinin biyan su abin da suka rasa, manyan kudu suka ce atafau ba a karɓar kuɗi a wannan wasa. Ƙungiyoyi 22 suka kama gabansu. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 domin wasan ya ƙara sauri ya jawo 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa, daga nan aka samu rugbi iri biyu, lig mai mutum 13 da yuniyan mai mutum 15.

Da rana na wuce Bradford, na hau motar haya zuwa filin Odsal, wani ƙaton kwari mai kama da akushi. A nan ne aka ƙirga mutum 102,569 a 1954, lokacin da Warrington da Halifax suka maimaita wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. Ƙungiyar garin, Bradford Bulls, ta yi zamaninta a farkon shekarun 2000, amma bashi ya durƙusar da ita har aka rushe ta a Janairun 2017, aka sake kafa ta a rukuni na biyu. Raina ya sosu da na ga matakalan tsayuwar nan babu kowa.

Washegari da yamma na isa Castleford, ƙaramin garin da kwal ya gina, wanda ke kusa da Kellingley, mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya, da aka rufe a Disambar 2015. Filin Wheldon Road tsoho ne ƙwarai, 'yan kallo na tsaye dab da layi, har ana jin ƙarar haɗuwar ƙirji da kafaɗa. Ƙungiya na da damar kai hari har sai an kayar da masu riƙe da ƙwallonta sau shida, daga nan ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya, saboda haka wasan ba ya tsayawa sosai. Na ga kaka da jika sanye da riga iri ɗaya, na ga mata sun fi maza ɗaga murya.

Wani dattijo da muka tsaya tare ya yi mini bayanin abin da ke damun su. Hukumar lig ta ƙulla yarjejeniyar shekara 12 da kamfanin tallata wasanni na IMG a 2022, kuma an tsara cewa daga 2025 maki ne zai nuna wanda zai zauna a babbar gasar Super League, makin da ake haɗawa daga yawan magoya baya, kuɗi, ingancin fili da sakamakon wasa. A ganinsa wannan ma'auni ya fi dacewa da manyan birane, alhali ƙananan garuruwa ne suka raini wasan tun yana tsumma. Ban ga laifinsa ba, ko da yake na fahimci tsoron hukumar, domin wasan da bai cika fita daga gefen babbar hanyar M62 ta arewacin Ingila ba zai sha wuyar samun kuɗin talabijin.

Da na ambaci yuniyan sai ya girgiza kai. Kafin 1995 lig ce ke sayen taurarin yuniyan, kamar Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma Wigan ta biya fam 440,000 a kansa a 1992. Tun da yuniyan ta halatta biyan albashi sai ruwa ya sauya hanya: Jason Robinson ya bar lig ya koma yuniyan ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, Andy Farrell ya zama mai horar da Ireland, Shaun Edwards kuma ya zama mai tsara wa Faransa tsaron gida. Ita ma yuniyan ɗin ba lafiya ta cika ta ba, tunda ƙungiyoyin Worcester da Wasps da London Irish duk bashi ya durƙusar da su tsakanin 2022 da 2023, sai dai tana da gasar ƙasashe shida da ke cika mata aljihu kowace shekara, abin da lig ba ta da irinsa.

Bayan an tashi muka fito tare cikin cunkoso, ya raka ni har kusa da tasha yana nuna mini inda ramukan kwal suke a da, na kama jirgin Leeds na dare, taragon cike da yara masu riƙe da tutocin ƙungiya.