Likkafanin tauraro a cikin hazon hunturu

Dare uku na yi ina farautar NGC 2392, wani ɗan gajimaren iska mai haske can cikin taurari, kuma a duk daren ukun ta gifta ta gaban idona ban gane ta ba. Sai a dare na huɗu na gano inda gizo ke saƙa.

Madubin hangen nesan da nake da shi irin na Dobson ne, mai faɗin inci 8, bututu kamar doguwar ganga a kan akwatin katako, da hannu ake tura shi. A watan Janairu na ɗauko shi daga Zariya na kai gidan gonar kawuna, inda babu fitilar titi balle hayaƙin janareta. Abin da nake nema shi ne wanda masana ke kira nebula mai siffar duniya. Sunan yana ruɗarwa, don ba abin da ya haɗa ta da duniyoyi. Masanin taurari William Herschel ne ya yaɗa shi a shekarun 1780, saboda a madubinsa sun yi masa kama da ƙwallon Yuranus, duniyar da ya gano a 1781. A zahiri tauraro ne irin ranarmu da ya tsufa, ya zubar da iskar da ke lulluɓe da shi, ƙwayarsa mai tsananin zafi ta rage a tsakiya tana haska iskar. Ni likkafanin tauraro nake ce mata.

Littattafan Turai da Amurka suna yabon samaniyar sanyi wai ta fi tsabta. Tamu daban take. Iskar hunturu na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na Chadi, wani daren ko Kaza da 'ya'yanta sai ka yi da gaske kafin ka hango. Na koyi auna sama tun da yamma: idan rana ta ɓace fara fat tun tana sama, ba na ko fito da kaya. Idan ta faɗi ja har bakin ƙasa, kuma bayan isha'i na ƙirga shida daga cikin 'ya'yan Kaza, to daren nawa ne.

Hanyar zuwa ba wuya. Daga Pollux, ɗaya daga taurarin Tagwaye, ka gangara zuwa tauraron Wasat, sannan ka karkata kudu maso gabas digiri biyu da ɗan wani abu. Haka na yi ta yi da gilashin leƙawa na milimita 25, mai ƙara girma sau 48. Abin da nake gani taurari biyu ne kusa da juna, sai in wuce, ina neman wani abu mai faɗi kamar hotunan da na saba gani a intanet. A dare na huɗu na tsaya a kansu, na sa gilashin milimita 10. Na murza maɓallin daidaitawa har ɗayan ya zama tsinin allura. Ɗayan kuwa ya ƙi. Ya tsaya a kumbure, shuɗi-shuɗi, kore-kore, kamar an huro masa hayaƙi. Sai da na ji tsigar jikina ta tashi, ba kuma don sanyi ba. Ita ce, wadda Herschel ya fara gani a watan Janairun 1787.

Da na kai sau 200 sai ta buɗe sosai: ɗigon tauraro a tsakiya, zobe mai haske kewaye da shi, sannan wani lulluɓi mai laushi daga waje. A nan na ga abin da har yau yake ba ni mamaki. Idan na zuba mata ido kai tsaye, tauraron tsakiya ne ke cinye komai, lulluɓin ya ɓace. Idan na kawar da ido gefe kaɗan, ina kallonta da wutsiyar ido, sai ya dawo ya cika. Gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni, shi ya sa.

Ina cikin haka Kawu ya fito lulluɓe da bargo, tocila a hannu.

“Kawu, don Allah ku kashe ta,” na ce. “Ido sai ya yi kamar rabin awa a duhu kafin ya buɗe.”

Ya kashe, ya zauna kan turmi yana jira, bai ƙosa ba. Da ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba, can ya ce, “Ɗan nan, ai wannan tauraro ne ya sha rawani.” Na gaya masa ranarmu ma hanyar da za ta bi ke nan nan da shekara wajen biliyan 5. Ya yi tasbihi, ya sake sunkuyawa.

Daga wannan dare na fahimci cewa irin waɗannan ƙananan nebula su ne abokan hunturunmu. Haskensu a dunƙule yake wuri ɗaya, don haka suna ratsa hazo, kuma suna jure ƙarin girma. NGC 1535, a jerin taurarin Eridanus yamma da tauraro mai haske Rigel, ban sha wahalarta ba da farkon dare. IC 418 da ke ƙasan Rigel, wadda Williamina Fleming ta gano a 1891, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai da matacin haske na OIII na tabbatar da ita. Na riƙe shi da yatsu ina sa shi ina cirewa tsakanin idona da gilashin: taurari su dushe, ita ta tsaya daram. Matacin yana barin koren haske ne mai tsawon nanomita 500.7 ya wuce, wanda iskar oksijin ta nebula ke fitarwa. Lokacin da masanin taurari William Huggins ya ga wannan koren hasken a 1864 an zaci sabon sinadari ne, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ce.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce NGC 2438. Ka fara daga Shi'ira, tauraron nan da aka ambata a Suratun Najmi, ka yi gabas kamar digiri 14, za ka faɗa cikin M46, taron taurari ƙanana birjik kamar an watsa gero. A gefensa na arewa akwai wani ɗan zobe mai launin toka yana shawagi. Ba ɗan gidan ba ne, yana gabansu ne, layin kallo ne ya haɗa su. Na fi minti arba'in a kansa, har yatsuna suka sandare.

Kurakurai biyu na yi da ba zan maimaita ba. Na goge gilashin leƙawa da bakin riga, ƙurar hunturu kuwa yashi ce, ta bar masa zane har abada. Yanzu hura iska nake yi da ɗan famfon roba, kuma da na gama nake rufe bututun gaba da baya. Na biyu, na jira Tagwaye su zo tsakar ka wajen sha biyun dare, ina ganin a nan hazo ya fi siranta. Gaskiya ne, amma madubin Dobson idan ya miƙe tsaye juya shi aiki ne, abin da kake bi sai ya kufce. Awa ɗaya kafin hakan ko bayansa ya fi.

Wata nebula, Abell 21, wadda ita ma a Tagwaye take, ta gagare ni. Babba ce, haskenta a baje yake, ƙura ta shanye shi duk da matacin. Na sa mata rana ƙarshen Oktoba, bayan damina ta wanke sama kuma iskar arewa ba ta taso ba, lokacin da Tagwaye ke hawa sama gab da asuba. Kawu ya ce in tashe shi.