Na manta ban ce "in ji" ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, na kwashe littattafaina a kwalin taliya biyu. Shekara huɗu ke nan ina koyar da kwas ɗin falsafa da mandiƙi na 'yan aji ɗaya, kwas ɗin nan da ya zama dole a kan kowa, kowa kuma ya tsane shi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai ɗari huɗu da lasifikar da ke ƙugi ya san aikin, ba sai na ɓata bakina ba. Rana ɗaya nake son magana a kanta.

A Nuwamban 2022 ne, mun dawo daga yajin aikin ASUU na wata takwas, ana ta gudun kammala manhaja. Darasin ranar shi ne alaƙar hankali da jiki. Na fara da misalin Ibn Sina: a ce an halicci mutum yanzun nan da cikakken hankalinsa, yana shawagi a iska, ido a rufe, gaɓoɓinsa a warwatse ba sa taɓa juna, ba ya ji ba ya gani. Zai san yana da hannu? A'a. Zai san shi kansa yana nan? Ibn Sina ya ce ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ke nuna kai daban, gangar jikinka daban. Ajin ya yi tsit, har na baya masu danna waya suka ɗago.

Sai na juya ɗaya ɓangaren. Na ba su labarin Phineas Gage, shugaban leburorin gina layin dogo a Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta shige ta kumatunsa na hagu ta fice ta tsakar kansa. Bai mutu ba, ya ƙara kusan shekara goma sha biyu a duniya, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suka ce ba shi ba ne. Ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita, wato in ari bakin mai hujja in ci masa albasa, don ɗalibi ya ji nauyin maganar. Sai na daki tebur na ce: "Wane ruhi? Ƙwaƙwalwa ce kawai! Ƙarfe ya taɓa nama, mutum ya zama wani. Ina ruhin yake a lokacin?"

Bayan nan na kwashe minti ashirin ina warware wannan hujja. Na ce lalacewar rediyo ba ta nuna babu tasha. Na jawo ayar Suratul Isra'i da ta ce ruhi na daga al'amarin Ubangiji. Amma wanda ya naɗi muryata sakan arba'in ya yanko.

Da wannan kaɗai ne, da wataƙila ta mutu a aji. Matsalar ita ce mako guda kafin nan, muna karatun kurakuran kafa hujja, na ba da misali da abin da ke bakin kowa a lokacin, tikitin Musulmi da Musulmi na Tinubu da Shettima. Na ce "wane Musulmi ne, don haka zai yi adalci" magana ce da ƙarshenta bai fito daga farkonta ba, haka ma "wane Kirista ne, don haka zai yi adalci". Ban ce a zaɓi kowa ba, har yau ma babu ɗalibin da ya san wa na dangwala wa ranar 25 ga Fabrairu. Amma wasu sun ƙullace ni. Faifan ya fita a WhatsApp da rubutu a ƙasa: ga aƙidar malamin da aka saya don ya hana mu zaɓen namu.

Wata shida ke nan da kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Sakkwato a watan Mayu bisa zargin ɓatanci, shi ma daga saƙon murya ya taso. Mako biyu na yi ina kwana a gidan kawuna.

Wakiliyar ajin, Allah ya saka mata, ta kawo mini cikakkiyar laccar da ta naɗa don bita. Na ɗauka an gama. Na je ofishin shugaban sashe na ajiye wayar a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, minti biyar kawai za ka saurara, daga inda suka yanke."

Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce, "Malam, ni ba ni da lokacin falsafa yanzu. Ka rubuta takardar ban haƙuri, ka huta da ajin nan zangon karatu ɗaya."

Mutumin da ya yi digirinsa na uku a kan ilimin kalamu, wato muhawarar aƙida da hujjojin hankali, shi ke faɗa mini ba shi da lokacin falsafa. Duk sashen an san yana cikin wani kwamitin yaƙin neman zaɓe, yana hangen kujera. Na rubuta takardar, kuma rubuta ta ya fi faifan ci mini rai, domin na nemi gafara a kan maganar da ba tawa ba, sai ya zama kamar na amsa tawa ce.

Wanda ya nuna mini ainihin kuskurena malamina ne na zaure, tsohon da na yi Iziyya da Risala a gabansa. Na je ina huci, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ku ne kuka koya mana cewa mai naƙalto kafirci ba kafiri ba ne?" Ya ce haka ne, amma shi mai naƙalin yakan ce "in ji wane". Sannan ya tuna mini abin da Gazali ya kawo a littafinsa Munƙiz, cewa Imamu Ahmad ya yi wa Harisul Muhasibi faɗa saboda raddin da ya rubuta wa Mu'utazilawa, masu fifita hankali a sha'anin aƙida, don ya fara jero shubuharsu kafin ya amsa, alhali wani zai karanta shubuhar ta zauna masa, bai kai ga amsar ba. Gazali ya ce maganar Ahmad gaskiya ce a kan shubuhar da ba ta bazu ba, amma wadda ta riga ta bazu amsa ta wajibi ne, kuma ba a amsawa sai an faɗe ta. Ina tare da Gazali har gobe, domin yaran nan suna cin karo da maganar "ƙwaƙwalwa ce kawai" a YouTube kullum, ba ni na kawo musu ba. Amma Malam ya ce, "Ɗana, kai a zamanin da kowa ke da na'urar yanka a aljihu kake."

Daga baya na ci karo da wani abu da ya ba ni dariya mai ɗaci. Kafin Gazali ya rusa masana falsafa a littafinsa Tahafut, ya fara tsara ra'ayoyinsu a Maƙasidul Falasifa, da gabatarwar da ke cewa naƙali yake yi. Da aka fassara littafin zuwa Latin a birnin Toledo na Sifaniya a ƙarni na 12, ya yaɗu a Turai ba tare da wannan gabatarwa ba, malaman can suka daɗe suna ɗaukar Gazali mabiyin Ibn Sina. Shi ma ashe an yi masa sakan arba'in.

Da na koma aji, kowace jimlar abokin hamayya sai na maƙala mata "in ji su" a tsakiyarta, yadda almakashi ba zai raba su ba. Laccar ta rage armashi, na sani. Misalan siyasa kuwa na koma ɗaukowa daga Atina ta zamanin Sokratis, wanda shi ma ƙuri'ar masu shari'a ce ta yanke masa kisa, ɗalibai masu kaifi kuma suna gane inda na dosa. Na koyi naɗar laccata da kaina. Na koyi cewa abokan aikin da suka fi zafin muhawara a ɗakin shan shayi su ne suka fi saurin yin shiru ranar da ake bukatar baki. Wanda zai gaje ni, shawarata kada ya sa hannu a takardar da bai yarda da ita ba, ko da shugaba ya ce don a zauna lafiya ne.

Shi dai shugaban namu kujerar ba ta zo ba, yana nan a ofishinsa. Da na je sallama ya ce sashen zai yi kewar ƙwazona. Cikakken faifan yana wayata, minti hamsin da biyu. Mutum uku ne suka saurare shi har ƙarshe: ni, matata, da yarinyar da ta naɗa.