Ƙwayoyin azurfa da saiwar wake a ƙasar Damagaram

Da hannuna na haɗa ƙwayoyin a ɗakin gwaje-gwaje. Na dafa ganyen dogon yaro, na tace, na ɗiɗɗiga ruwan cikin narkakken nitirat na azurfa, wato wani gishirin azurfa. Kafin a jima, ruwan da yake garau ya koma kalar shayi, alamar azurfar ta dunƙule ta zama ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba. Milimita guda kuwa nanomita miliyan ɗaya ce. Irinsu ake sa wa safa da bandejin ƙuna don su kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanki yana sauko da su cikin ruwa. Shi ya sa na so in ga abin da suke yi wa saiwar wake in sun shiga ƙasa.

Ƙasa iri biyu na ɗebo: rairayin jigawa daga gonar hatsi a hanyar Tanut, da baƙar ƙasar garka daga Mirriya, wadda ta sha taki. Na shuka wake a tukwane, wasu na zuba musu ruwan azurfar, wasu ruwa zalla.

A ganye ban ga wani abin kirki ba, har malamina ya ce, "Ɗana, tono za ka yi." Da na zazzage tukwanen na wanke saiwa, sai magana ta fito. Waken jigawar da bai sha azurfa ba, saiwarsa cike take da ƙulalai. Ka tsaga ɗaya da reza, cikinsa ja-ja, wato bakteriyar rizobiyom tana ciki tana kamo wa waken nitirojin, abincin shuka, daga iska. Na jigawar da ya sha azurfa kuwa ƙulalansa tsiraru ne, ƙanana, cikinsu fari fat. A ƙasar Mirriya da ƙyar na bambanta tukwanen.

Ƙwayoyin suna sakin azurfa a narke sannu a hankali, ita kuma tana maƙalewa jikin sulfur na furotin ɗin bakteriya, ta lalata mata fata. Ba ruwanta da mai cuta ko mai amfani. Laka da ruɓaɓɓen taki suna riƙe ta kafin ta kai ga saiwa, rairayi kuwa sakinta yake yi, ga shi yawancin gonakinmu rairayin ne. Shi ya sa ba na saurin yarda da sakamakon irin wannan gwaji in a ƙasar Turai mai laka aka yi shi.

Damina mai zuwa zan cuɗa jigawar da takin awaki kafin in zuba azurfar, in ga ko ƙulalan za su yi ja.